Kaɗi Da Saƙar Safa A Tsibiran Shetland

Duk manomin da ya taɓa kai auduga kasuwa ya san wannan abu. Ya yi sharar gona, ya yi huɗa, ya yi noma, ya tsince, ya kai ma'auni, an biya shi. Kafin ya bar kasuwar sai ya tsaya wurin mai haja ya sayi riga guda, ya biya kuɗin da ya ninka na audugar da ke cikin rigar sau da yawa. Tsakanin gona da rumfar mai haja akwai riba mai kauri, amma ba shi ya ci ta ba. Waɗanda suka gurza, suka kaɗa, suka saƙa, suka rina, suka yi fatauci, su suka raba.

Akwai waɗansu ƙananan manoma can Turai da suka yi shekara fiye da 300 suna kokawa da wannan al'amari. Su amfanin gonarsu gashin tumaki ne, watau ulu. A zamanin kakanninsu matansu ba su yarda ulun ya fita gida ɗanye, sai sun kaɗa shi sun saƙa safa. Duk da haka an daɗe ƙwarai kafin ribar ta zauna hannunsu. Labarinsu ya isa manomi da ɗan kasuwa da akawu su saurara, gama kowannensu yana da rabo a ciki.

INA NE SHETLAND?

Shetland tarin tsibirai ne wajen 100 a tsakiyar teku, wajen mil 110 arewa maso gabas da gaɓar ƙasar Sikotland. Goma sha shida kaɗai ke da mutane, jimlarsu kuwa wajen 23,000. Babban garinsu Lerwick. Dā suna ƙarƙashin sarkin Norwe, sai a 1469 aka jinginar da su ga sarkin Sikotland, ba a kuwa fanshe su ba. Yanzu suna cikin Biritaniya.

Ƙasa ce ta iska da ruwa da sanyi, itatuwa sai ɗai ɗai. A watan Disamba hasken rana ba ya cika awa 6. Abin da ƙasar ke bayarwa shi ne sha'ir, da wani hatsi mai jure sanyi, da dankalin Turawa, da kabeji. Maimakon itacen wuta akwai wata baƙar ƙasa ta fadama wadda a ke yankawa kamar tubali, a shanya, in ta bushe ta ci wuta. A dā gonar mutum ba ta isa ta ciyar da gidansa shekara, sabo da haka maza su kan tafi su a teku, ko su shiga aikin jiragen ruwa. Gona da dabbobi da yara sai su koma hannun mata.

TUMAKINSU

Tunkiyar Shetland ƙarama ce, mai gajeren wutsiya, nauyinta bai faye wuce kilo 35 zuwa 45 ba. Tana kwana waje rani da damina. In ciyawa ta ƙare da sanyi sai ta gangara gaɓa, ta jira teku ta janye, ta ci ganyen ruwan da ya rage bisa duwatsu. Ko wace ƙauye tana da makiyaya ta jama'a bisa tudu, inda tumakin kowa ke cuɗanya, a kan gane na kowa da irin tsagar da ya yi musu a kunne. Ranar tarawa duk gari a ke fita, a koro su zuwa garke guda.

Tunkiya guda ta kan ba da ulu kilo 1 zuwa 2 a shekara. Launinsa iri iri ne, har an lissafta manyan launuka 11, tun daga fari fat, da ruwan toka, da ruwan ƙasa, da ja-ja, har baƙi. A 1927 makiyayan suka kafa ƙungiya mai littafin asalin tumaki, don kada irin ya ɓace garin barbara da manyan tumakin kudu.

Mai karatu zai tambaya, ina dalilin da ba a kaɗa gashin 'Yankasa ko Uda ko Balami? Dalili shi ne gashinsu miƙaƙƙe ne, gajere, mai tauri, an halicce shi don zafi. Silin ulu kuwa a lanƙwashe ya ke kamar ƙaramin maciji, jikinsa da ɓawo-ɓawo wanda ido ba ya gani. In an murɗa shi sai silin nan su sarƙe da juna, su riƙe iska a tsakaninsu, iskar nan ita ce ɗumin. Har wa yau ulu ya kan sha laima kusan sulusin nauyinsa kafin mutum ya ji ya jiƙe. Masunci da ke tsaye cikin kwalekwale dare da rana ya san darajar wannan.

Wani abin mamaki, tumakin nan na asali su kan saki gashinsu da kansu a farkon bazara, sabo na tsirowa ƙarƙashin tsoho. Mutanen dā ba su sa almakashi, da yatsu su ke tsigewa a hankali. Ulun da aka tsige ya fi laushi a jiki, don ba shi da yankakken baki mai soka. Yanzu galibi aski a ke yi musu, don ya fi sauri.

ZAƁE DA SHIƁA

Aiki na fari shi ne zaɓe, nan kuwa a ke gane gwana. Ulun wuya shi ne mafi laushi, silinsa bai kai rabin kaurin gashin kan mutum ba, shi a ke ajiyewa don mayafi da safar manyan mutane. Na kafaɗa da haƙarƙari na riguna ne. Na cinya mai kaushi ne amma da ƙarko, shi ya dace da safar aiki. Wadda ta gauraya su ta ɓata duka, don farashin mafi muni za a ba ta.

Bayan zaɓe sai a tsince ƙaya da ciyawa, a yayyafa ɗan mai don silin su yi santsi. Mutanen dā da man hantar kifi su ke yi. Sa'an nan shiɓa. Macen Hausa da baka ta ke shiɓar auduga, su kuwa da alluna biyu masu ƙananan haƙoran waya. A ɗora ulu bisa guda, a ja da ɗayan, har ya warware sarai, sa'an nan a naɗe shi ya zama kamar saɓi.

Shiɓa tana cin lokaci, tana kuma gundura, sabo da haka a dā gayya a ke yi mata. Da dogayen dararen sanyi uwargida ta kan aika wa 'yan matan ƙauye, kowace ta zo da allunanta, su zauna kewaye da wuta suna aiki suna hira. In an gama a ci abinci, samari su zo da goge, a yi rawa. Wani dare kuma a koma gidan wata. Wurin nan yarinya ke ganin hannun manya, ta koya ba tare da an ce mata zo ki koya ba.

KAƊI

Asalin kaɗi ɗaya ne ko'ina a duniya: a ja sili kaɗan kaɗan, a murɗa, a naɗe. Bambancin kayan aiki daga tsawon sili ya ke fitowa. Silin auduga gajere ne, wajen inci guda, ba ya ɗaukar nauyi tun bai sha murɗi ba. Shi ya sa macen Hausa ta ke kafa gindin mazarinta cikin 'yar tasa ko bisa fata, ta shafa alli a yatsu, ta murza da sauri. Silin ulun Shetland ya kan kai inci 2 zuwa 4, don haka a kan bar mazari mai nauyi ya yi lilo a iska, zaren ba ya tsinkewa.

Daga baya keken kaɗi ya shigo tsibiran ya kori mazari. Ana taka shi da ƙafa kamar keken ɗinki, babbar ƙafar keken ta ja igiya, igiyar ta juya kwarkwaro. Keken shi ke murɗawa, shi ke naɗewa, hannuwan mace biyu ba su da aiki sai jan ulu daidai wa daida.

Zaren safa yana da sharaɗi nasa, domin ba tufar da ke shan wahala kamar safa: ana taka ta, ana goga ta cikin takalmi, tana shan gumi. Dole zaren ya sha murɗi sosai, irin na zaren tsaye, ba irin na abawa ba. Sa'an nan a haɗa biyu ko uku a tufke. Ga ƙa'idar tufkar: in an kaɗa zuwa dama, a tufke zuwa hagu. Murɗin nan biyu sai su danne juna, zaren ya kwanta lafiya. Wadda ta tufke ta gefen da ta kaɗa za ta ga zarenta yana ƙudundunewa, safar kuma ta karkace. Mai uku ya fi ƙarko, don a mulmule ya ke, ba shi da gefen da zai fara cinyewa. In an gama a naɗe shi dami dami, a wanke da ruwan ɗumi ba tare da cuɗa ba, a shanya. Ulu in ya haɗu da ruwan zafi da sabulu da cuɗa sai ya dunƙule ya zama kamar kirgi, ba ya komawa.

Zaren safa na masana'anta na yanzu galibi ulu ne kashi 75 cikin 100, sauran 25 nailan, don ƙarin ƙarko a dunduniya. Giram 100 na irinsa, wajen mita 400, ya isa safar babban mutum ƙafa biyu.

YADDA A KE SAƘA SAFA

Saƙar safa dabam ta ke da ta masaƙa. Masaƙi yana gilma zaren kwance cikin na tsaye. A nan kuwa zare guda ne tak, a kan yi zarge, a zaro wani zargen ta cikinsa, haka haka har tufa ta fito. Shi ya sa ta ke miƙewa ta koma, ta kama ƙafa ba tare da ɗinki ba.

Kayan aiki tsinkayen ƙarfe ne huɗu ko biyar, masu tsini gaba da baya. A kan jera zarge wajen 60 bisa tsinke uku, a haɗa su da'ira, a riƙa zagayawa da na huɗun. Fari a yi baki mai rarrabe kamar kunyoyin gona, don ya riƙe ƙwauri kada safa ta zame. Sa'an nan a sauko da ƙwauri. In doguwa ce mai kaiwa gwiwa, a riƙa rage zarge kaɗan kaɗan ta baya, yadda sha-raɓa ke sirancewa.

Dunduniya ita ce jarrabawa. Nan a kan bar rabin zargen su huta, a saƙa ɗaya rabin gaba da baya har ya yi ɗan falle mai kusurwa huɗu. Sa'an nan a yi gajerun layuka a tsakiyarsa, ana haɗe biyu biyu a gefe, sai fallen ya lanƙwasa ya zama ƙoƙo. A tsinci sababbin zarge a gefunansa, a koma zagaye, a yi ta ragewa dama da hagu har adadi ya koma na fari. Daga nan a miƙe da tafin ƙafa, in an kai yatsu a rage ta gefe biyu har a rufe. In dunduniya ta huje bayan shekaru ba a yar da safa, a kan warware ƙafar a saƙa sabuwa bisa tsohon ƙwauri.

Ga lissafi don akawu. A ce zarge 60 a zagaye guda, zagaye 170 daga baki zuwa yatsu. Ƙafa guda ta tashi zarge 10,200, biyu kuwa fiye da 20,000. Wadda ke yin 30 a minti za ta yi awa 11 da 'yan kai, ban da zaɓe da shiɓa da kaɗi da wanki. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za a bukace shi in an zo maganar ciniki.

Matan Shetland sun sami dabarar rage awoyin nan. Su kan ɗaura ɗamarar fata mai ɗan matashi a kwiɓi, cushe da izgar doki, an huhhuda shi. Cikin hudar a ke soke gindin tsinken dama ya tsaya da kansa, hannu ba ya ɗaukar nauyinsa, yatsu kaɗai ke motsi. Da wannan a dā mace ta kan yi saƙa tana tafe, da kwandon makamashi goye a baya. Wata 'yar tsibiran, Hazel Tindall, ta ci gasar saurin saƙa ta duniya a Amurka a 2008, ta yi zarge 262 cikin minti 3, da irin ɗamarar nan.

KASUWAR FARKO

A 1951 waɗansu mutum biyu suna yankan makamashi a wani wuri mai suna Gunnister, suka tono gawar wani mutum da fadama ta adana tufafinsa. Yana da doguwar safa, da safar hannu, da huluna, da 'yar jakar kuɗi, duk saƙaƙƙu. Cikin jakar akwai kuɗin Holan da na Suwidin, waɗanda suka nuna ya mutu wajen 1700. Ya tabbata ke nan saƙa ta kafu a tsibiran tun lokacin.

Kuɗin Holan ɗin nan ba banza ba. A ƙarni na 17 ɗaruruwan jiragen masuntan Holan su kan taru ko wace shekara a mashigin Bressay, suna jiran 24 ga Yuni, ranar da dokarsu ta yarda a fara jefa taru. Mata su kan sauko daga ƙauyuka da safa da safar hannu da huluna, su sayar wa ma'aikatan jirgi. Rumfunan da aka kakkafa a gaɓar don cinikin nan su suka zama garin Lerwick. Fataken Jamus daga Bremen da Hamburg su ma suna zuwa sayen kifi da man shanu da safa. Masu saye da yawa, kuma baƙi, mai saƙa tana iya ƙin tayin wannan ta juya wurin wancan.

Farkon ƙarni na 18 abin ya juya. Yaƙe-yaƙen Turai suka karya jiragen Holan. Sikotland ta haɗe da Ingila a 1707, aka ɗora haraji mai nauyi bisa gishirin waje, fataken Jamus suka daina zuwa. Ciniki ya faɗa hannun masu ƙasa da masu kantin gida. Ga kuma injin saƙar safa, wanda wani Ba'ingile William Lee ya ƙago tun 1589, ya yi ta bunƙasa har garuruwa irin su Nottingham da Leicester suka cika kasuwa da safa mai araha. Hannu ba ya tsere da inji wajen araha.

Abin da ya cece su shi ne suka koma ga abin da inji bai iya ba. A 1837 Arthur Anderson, ɗan tsibiran, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin jiragen ruwa na P&O, ya kai wa Sarauniya Biktoriya kyautar safa mai laushi, ita kuwa ta aiko a saƙa mata dozin. Abin da sarauniya ta sa, matan attajirai sai sun sa. A 1839 wani ɗan kasuwar Oxford, Edward Standen, ya zo tsibiran, ya shiga kai kayansu kudu. Matan tsibirin Unst suka shahara da mayafi mai raga, wanda don sirantar zarensa a kan zare shi duka ta cikin zoben yatsa.

CINIKIN DA BA KUƊI

To, suna ya tafi, kaya suna fita, amma masu saƙa suna cikin talauci. Dalili shi ne yadda a ke biyansu. Mace ta kawo safa ko mayafi kanti, mai kanti ya yi kuɗi, amma ba ya ba ta ko kwabo. Sai ya ce ta ɗauki kaya: shayi, ko yadi, ko sabulu, ko kayan ado, a bisa farashin da shi ya yanka. In ba ta bukatar komi ran nan ya rubuta mata 'yar takarda, wadda ba ta da amfani sai a kantinsa. In ta nace sai kuɗi, ko ya ƙi, ko ya rage mata. Yawancin kantunan saƙa ba su ajiye gari, ga yara suna jin yunwa, sai ta bi maƙwabta tana sayar da shayin nan da hasara don ta sami na hatsi. An yanke ta wajen saye, an yanke ta wajen sayarwa.

Mai karatu ya tuna da awa 11 ɗin nan, ya kuma tuna da yawa cikin matan nan ba su da wani mai nema musu. Teku tana cin maza. A dare guda na watan Yuli 1881 hadari ya kashe masunta 58, yawancinsu daga Gloup da kewayenta a tsibirin Yell. Gwauruwa da marayu ba su da abin dogara sai tsinken saƙa.

A 1872 gwamnati ta aiko alƙali William Guthrie ya bi tsibiran yana jin shaida. Mata suka zo suka faɗi abin da ke cinsu, aka rubuta, aka buga. Masu kanti su ma suka kawo hanzarinsu. Suka ce su kan karɓi kaya ko da ba su da mai saye, su ajiye wata da watanni kafin kuɗi ya zo daga kudu, ribarsu kuwa bisa shayi da yadin ta ke, ba bisa saƙar ba. Akwai gaskiya cikin wannan, gama ɗan kasuwa shi ke ɗaukar hasarar kayan da suka yi kwantai. Amma inda mai saye ɗaya ne, shi ke yanka farashin abin da ya karɓa, shi ke yanka na abin da ya bayar, ba a kiran wannan ciniki.

Majalisar Dokokin Biritaniya ta yi doka a 1887 wadda ta ce a biya masu saƙa da kuɗi. Doka ta hau takarda, al'ada ta ci gaba, don wadda ta kai ƙara gobe ba ta da wurin kai kayanta. Abin da doka ta kasa, kasuwa ta yi. Da Yaƙin Duniya na Biyu aka jibge dubban sojoji a tsibiran, suna sayen riguna da safa don kansu da iyalinsu, kuɗi hannu. Mata suka ga ainihin darajar aikinsu. A 1943 suka kafa ƙungiyar masu saƙar hannu ta Shetland, mai duba kyawun kaya, ta tsai da farashi, ta nemo masu saye. Daga nan cinikin shayi bai sake miƙewa ba.

FAƊUWA DA TASHI

Ko kafin yaƙin, riguna sun fara shan gaban safa. A farkon shekarun 1920 Yariman Wales ya fito da rigar sanyi mai zane-zanen launi irin na tsibirin Fair Isle, duniya ta ɗauka. A 1953 Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka hau ƙololuwar dutsen Everest da rigunan ulu na kamfanin Adie da ke ƙauyen Voe.

Suna mai kyau kuwa ya kan jawo ɓarayinsa. Masana'antu a ƙasashe dabam dabam suka shiga buga sunan Shetland bisa rigunan da ko sili guda na tumakin tsibiran babu a ciki. Sa'an nan aka sami man fetur a teku, aka gina babbar tashar mai a Sullom Voe, ta fara aiki a 1978. Albashin wata guda a can ya fi saƙar watanni, 'yan mata suka ajiye tsinke. Ba mai ganin laifinsu. A 2010 majalisar tsibiran ta soke darasin saƙa a makarantun firamare don tsimin kuɗi.

Haɗin kai ya sake tsai da abin. Tun 1988 akwai ƙungiyar masu kaɗi da saƙa da rini, wadda ke taruwa a kai a kai, tana rubuta tsofaffin zane cikin littattafai don kada su bi tsofaffi kabari. A 2010 aka fara Makon Ulu na Shetland, a kan yi shi ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Ɗaruruwan baƙi daga ƙasashe da yawa su kan zo su biya kuɗi a koya musu zaɓe da kaɗi da juya dunduniya, su ziyarci garke, su sayi zare daga hannun mai tumakin. A 2011 Tarayyar Turai ta yi rajistar sunan ulun Shetland na asali, watau ba mai sa wannan suna sai ulun ya fito daga tumakin tsibiran. A 2015 kuma masu sa kai suka fara koya wa yara saƙa kyauta, a madadin darasin da aka soke.

Makiyayi ma ya taɓa. Akwai masana'antar kaɗi a ƙauyen Sandness, akwai kuma dillalan ulu a Lerwick masu saye daga ɗaruruwan ƙananan manoma, suna biya bisa daraja daraja. Ulu mai launi, wanda dā masana'antu ba su so don ba ya karɓar rini, yanzu ana nemansa don launinsa na halitta. Waɗansu gidaje su kan aika ulunsu a kaɗa musu, su sayar da zaren ta intanet da sunan gonarsu. Amfanin wannan ya fito fili a 2020, sa'ad da annoba ta rufe kasuwanni, farashin ɗanyen ulu ya faɗi a Biritaniya har makiyaya da yawa ba su sami ko ladan mai aski ba. Mai sayar da ɗanye kaɗai ba shi da mafaka ran da kasuwa ta juya.

ABIN DA YA SHAFI ƘASAR HAUSA

Ba cewa a ke yi a kawo tumakin sanyi Katsina ko Damagaram ba, zafi ba zai bar su ba. Ƙasar Hausa tana da nata ulun, shi ne auduga. Safa mafi tsufa da aka samu ta irin saƙar nan ma ta auduga ce, fari da shuɗi, a Masar aka tono ta, an yi ta tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Sa'ad da Baturen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya tarar arzikin birnin bisa tufa ya ke, tufar kuwa daga mazarin mata cikin gidaje ta ke farawa. Daga baya auduga ta koma fita ɗanya. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Mazari kuwa ya rage hannun tsofaffi.

Abu huɗu ke cikin labarin Shetland. Na fari, manomi ya rarrabe kayansa tun daga gona, kada mai kyau ya tafi a farashin maras kyau. Na biyu, mai sana'ar hannu ya lissafta awoyinsa kafin ya sallama, kada kuma ya yi tsere da inji wajen araha, ya nemi abin da inji bai iya ba. Na uku, a karɓi kuɗi, a kuma nemi mai saye fiye da ɗaya, gama wanda ya ci bashin mai saye tun kaya ba su nuna ba ya sayar da bakinsa. Ɗan kasuwa mai hangen nesa shi ma ya gane in mai yi ya gaji ya bari, rumfarsa ce za ta bushe. Na huɗu, sana'a ba ta zama cikin littafi ko ɗakin ajiye kayan tarihi kaɗai, sai a hannun yara. Duk unguwar da ta ke da tsohuwa guda mai iya kaɗi, tana da makaranta, in an tura mata 'yan mata tun tana da ƙarfin murza mazari.